Ko Kun Sani? Fitilar Asibiti Kan Rikita Agogon Jiki

Manomin Sanyinna da ke tashi da asuba, ya kwanta bayan lisha, yana da agogo a ƙwaƙwalwarsa wanda haske ke saitawa. Da duhu ya shiga, jiki kan saki sinadarin melatonin mai kiran barci. In ciwo ya tsananta aka kai manomin asibiti a Sakkwato, ɗakin kulawa ta musamman, inda aiki kan sa a bar fitila kunne har cikin dare, sinadarin kan ragu, barci ya tsinke, wani har ya rikice. Shi ya sa likitoci ke so a wadata ɗakin da haske da rana, a rage shi da dare. Binciken wannan agogo ya ci kyautar Nobel a 2017.