Hanyar Da Fata Ke Bi, Daga Wurin Jima Zuwa Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir, ko Tsamaye ce ko Sabon Birni ko Isa, ya san jar akuya, ya kuma san darajar fatarta. Turawa sun daɗe suna kiranta fatar Maroko, sabo da a zamanin da ta can ayari ke bi da ita a fitar da ita zuwa Turai. Amma ɗanyar fata ba ta zama jaka ko takalmi sai ta bi wata hanya, mataki bayan mataki.

Ku dubi majemi. Da farko yakan jiƙa fata ta yi laushi. Sa'an nan ya sa ta cikin ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare shi, ya wanke. Bayan wannan ne za ta shiga ruwan bagaruwa, wanda shi ne ainihin jima. Daga nan sai a shafa mai, in ana son ja a rina da karan dafi, a shanya. In ya yi gaggawa ya tsame ta bagaruwa ba ta ratsa ta ba, cikinta na nan ɗanye, in ta bushe sai ta ƙandare. Ya yi asarar fata, ya yi asarar kwanakinsa. Wannan jeri kuwa ba a rubuce yake ba, a kansa yake, wurin ubansa ya gaje shi.

To, manyan masana'antun fata irin na Challawa da Sharaɗa a Kano ba za su iya dogara da kan mutum ɗaya ba. Fatun suna da yawa, ma'aikata kuma wasu su tashi wasu su kama. Don haka a masana'antu na zamani akan rubuta hanyar kowane kaya, a ajiye cikin kwamfuta. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka yi suna a wannan aiki ita ce ta kamfanin SAP, wanda aka kafa a Jamus a 1972. A cikinta, in malamin ofis yana son ganin hanyar wani kaya, sai ya buga CA03, ya sa lambar kayan da ta masana'antar, sai jerin matakan ya fito a allo.

Kowane layi mataki guda ne. Akwai lambarsa, da wurin da ake yinsa, watau wane inji ko wane sashe, da bayanin aikin, da lokacin da yake ci. Lambobin ba 1, 2, 3 ake ba su ba, 0010, 0020, 0030 ne. Da na fara ganin haka na ɗauka ƙawa ce kawai, ashe dabara ce: in gobe aka ga ya kamata a ƙara wanki tsakanin mataki na biyu da na uku, sai a ba shi 0025, ba sai an sake jerin duka ba.

Lokacin shi ne ya fi bukatar natsuwa, domin iri biyu ne. Akwai na shirya inji, wanda sau ɗaya ake yi ko fata goma ce ko ɗari. Akwai kuma na aikin kansa, wanda ke ƙaruwa da yawan kaya. A ce shirya inji na cin minti 30, kowace fata kuma minti 2. Fata 10 za su ci minti 50, watau minti 5 kowace. Fata 100 kuwa minti 230, kowace ba ta kai minti 3 ba. Shi ya sa manaja ba ya son tayar da inji don kaya kaɗan. Da irin wannan lissafi ne kwamfuta ke faɗa masa ranar da zai iya yi wa mai saye alkawari, da kuɗin da aikin zai ci, da injin da kaya za su taru a gabansa suna jira.

Sai dai fa allo ba ya taɓa fata ya ji, abin da aka rubuta masa shi yake nunawa. In an sa awa biyu a inda aiki ke cin huɗu, alkawarin zai karye, mai saye ya koma wani wuri. Don haka in fatu suka fito a ƙandare, ko mota ta zo ɗauka ba su gama ba, manaja yakan buɗe jerin, ya sauka cikin masana'anta da agogo a hannu, yana gwada kowane layi da abin da ma'aikata ke yi.