Daidaita Silon Injin Mota da Gano Matsalolinsa

Silo shi ne juyawar da injin mota yake yi yayin da motar ke tsaye a kunne, direba bai taka totur ba. A yawancin ƙananan motoci masu amfani da fetur, injin da ya ɗauki zafi yakan juya sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Da sanyin safiya kuwa yakan haura 1,000, sannan ya sauko da kansa bayan 'yan mintoci, kuma wannan ba matsala ba ce.

Muhimmancin al'amarin ya ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, domin silon da ya yi yawa yana ƙona mai a banza, yana kuma sa mota mai canza giya da kanta ta zabura da zarar an sa giya. Idan kuma ya yi ƙasa, mota za ta riƙa karkarwa, ta mutu a cunkoso ko a mahaɗar hanya, inda hakan ke iya jawo haɗari.

Kafin a taɓa kowane saiti, wajibi ne a fara binciken musabbabi. A duba iyakilina, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, iska ta kasa isar injin. A duba fulogi: idan bakinsu ya yi baƙi da kunkunniya, alama ce ta mai ya fi iska yawa. Har ila yau a bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, saboda tiyon da ya tsage yana shigar da iskar da ba a auna ba, silo ya riƙa hawa da sauka. Wayar totur da ta cije ita ma tana hana silo saukowa.

A tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, akwai sukurori biyu: na gudun silo da na haɗin mai da iska. Za a bar injin ya yi zafi, a ja birkin hannu, a cire giya, a kashe fitilu da na'urar sanyaya mota, a tabbatar cok ya buɗe sarai. Daga nan sai a murɗa sukurun haɗin mai ciki a hankali har injin ya fara tangal-tangal, a warware shi kaɗan-kaɗan har sautin ya daidaita. Kada a ɗaure shi da ƙarfi, domin tsininsa na lalacewa. Daga ƙarshe a saita sukurun gudu zuwa adadin da kamfanin motar ya ƙayyade.

Motoci masu injekta kuwa, kwamfutar motar ce ke sarrafa silo, kuma akasarinsu ba su da sukurun da ake murɗawa. Matsalarsu galibi datti ne da ke taruwa a maƙogwaron totur ko a bawul ɗin iskar silo, wanda wankewa ke magancewa. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafar OBD-II, inda ake jona na'urar bincike: lambar P0506 na nufin silo ya yi ƙasa, P0507 kuma ya yi sama. Bayan cire batir, wasu motocin na buƙatar ɗan lokaci kafin silonsu ya koma daidai.

Ana jan hankalin direbobi da makanikai da su guji ƙara silo don ɓoye matsala, domin yin haka ba ya kawar da ita, kuɗin mai kawai yake ƙarawa. Haka kuma kada a yi wannan aiki a rufaffen gareji, saboda hayaƙin salansa na ɗauke da guba marar wari mai kisa, kuma a nisanta hannu da babbar riga daga fanka da fambel muddin injin yana kunne.