Litowa: Ƙauyen da Manoma Suka Tsara, Jam'iyya Ta Rushe

A ƙarshen shekarar 1960, saura shekara guda Tanganyika, babban yankin Tanzaniya ta yau, ta samu 'yancin kai, wasu samari 15 suka ɗauki gatura da fartanyu suka shiga daji a yankin Songea, can kudancin ƙasar, wai za su kafa gonar haɗin gwiwa. Jagoransu shi ne Ntimbanjayo Millinga, sakataren reshen matasan jam'iyyar TANU a Peramiho. Sun ji Julius Nyerere, shugaban jam'iyyar wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana kiran matasa su koma gona su gina ƙasa, suka ɗauki maganar da gaske. Wurin da suka sauka sunansa Litowa. Ba su yi wata nawa ba guzuri ya ƙare, namun daji suka hana su barci, kowa ya tattara nasa ya nasa ya koma gida.

Da shekara ta zagayo sai suka dawo. Daga wannan dawowar ne aka samu ƙauyen da har yau masu nazarin raya karkara a Afirka ba su daina ambatonsa ba.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon labari shi ne, mu ma yanzu muna cikin zamanin gina sababbin garuruwa. Rikicin Boko Haram ya tashi ƙauyuka a Barno da Yobe da Diffa, 'yan bindiga sun tashi wasu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ambaliya kuma tana tashin nata kusan kowace damina. Duk inda aka ce za a sake tsugunar da jama'a, abin da ake fara nuna mana shi ne hoton gidaje a jere da sabon kwano yana ƙyalli. Mutanen Litowa da bukkoki suka fara, amma sun riga mu cin karo da tambayoyin da kwano ba ya amsawa: me za a ci, wa zai yanke shawara, kuma kayan na wane ne?

Millinga ya je karatu kwalejin Kivukoni a Dar es Salaam, a can ya haɗu da wani Baturen Ingila, Ralph Ibbott, wanda ya yi shekaru yana aiki a gonar haɗin gwiwa a Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau. Millinga ya gayyace shi ya zo ya ga abin da suke yi. A 1963 Ibbott ya tare a Litowa da matarsa Noreen da 'ya'yansu. Ya iya lissafin gini da tsara aiki, ya kuma san ƙofofin ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da War on Want, waɗanda suka taimaka da kuɗi. Sai dai matsayinsa na mai ba da shawara ne. Shugaban ƙauye da manajan gona da ma'aji duk mutanen ƙauyen ne ke zaɓensu daga cikinsu, su ne kuma ke sauke su.

Shawarar farko da suka tsaya a kai ita ce ciki. Sun ɗanɗana yunwa a zuwansu na fari, don haka suka ce sai rumbu ya cika da masara kafin a yi zancen amfanin gona na sayarwa. Wannan kuwa ya haɗa su da hukumomin lardi, domin a lokacin abin da gwamnati ke so manoman Songea su noma shi ne taba, wadda ake busarwa da hayaƙin itace a fitar da ita waje a samo kuɗin ƙetare. Jami'i yana da adadin kadada da aka ce ya cika, manomi kuma yana da yara da za su ci tuwo. Wanda ya san tarihin gyaɗa da auduga a ƙasar Hausa zamanin Turawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarinsu shi ne cin abincin dare. Mutanen ƙauye sukan taru su ci tare, maza da mata, kuma a bakin akushin nan ake maganar aikin da aka yi yau da wanda za a yi gobe. Wane ya makara zuwa gona, a faɗa masa a gabansa. Wance tana ganin rabon aiki ya yi wa mata nauyi, ta faɗa. Ba a jiran taron shekara, balle a jira baƙo daga hedikwata ya zo ya raba gardama. Ƙorafi ba ya kwana ya yi tsami. Mai karatu zai ce ai mu ma muna da gayya, muna da gandu. Haka ne, sai dai gayya ta yini guda ce, a ci a sha a watse, kowa ya koma gonarsa. Gandu kuwa maigida ne ke da ta cewa, ƙanne da 'ya'ya sai dai su jira ranar gayaunarsu. Mutanen Litowa ba 'yan gida ɗaya ba ne, kuma ba na yini ɗaya suka taru ba. Babu jini da ya ɗaure su, babu sarkin da zai tsawata. Abin da ya riƙe su shi ne kowa yana jin lissafi da kunnensa, yana kuma da bakin magana a kai. Mata ma suna da rabonsu a abin da aka samu, aka kuma ware masu kula da ƙananan yara domin iyaye su samu zuwa gona. Wanda ya taɓa shiga ƙungiyar manoma ko ta adashi ya ga yadda take mutuwa ranar da littafin kuɗi ya koma aljihun mutum ɗaya, zai gane darajar wannan zama na kowane dare.

Sannu a hankali suka jawo ruwan famfo zuwa ƙauye, suka buɗe ɗakin shan magani, suka kafa makarantar firamare da tsarin karatunta na kansu, inda yaro ke koyon lissafi da rubutu tare da noma da kiwo da sana'ar hannu, don kada karatu ya zama tikitin gudu zuwa birni. Wasu ƙauyuka suka gani suka yi sha'awa. Aka haɗu aka kafa ƙungiyar raya lardin Ruvuma, inda Songea take, wadda aka fi sani da RDA, har ƙauyukanta suka kai 17. Dukkansu ƙanana ne, na iyalai 'yan gomomi. In sabon ƙauye ya nemi taimako, akan tura masa mutanen da suka goge a tsofaffin ƙauyukan, su zauna da su, su yi aiki tare da su. Daga baya ƙungiyar ta sayi injin niƙan masara a garin Songea, da taimakon Nyerere kansa, ta kuma mallaki injin tsaga katako. Da wannan manoma suka fara riƙe ribar da a da take tafiya hannun 'yan kasuwa. A 1965 aka zaɓi Millinga ɗan majalisar dokoki ta ƙasa.

A daidai waɗannan shekaru gwamnati ma tana nata gwajin. Ta kafa hukumar tsugunar da manoma, ta zuba kuɗi masu yawa, ta sayo taraktoci, ta gina gidaje, ta naɗa manajoji masu albashi, tana ba mazauna abinci kafin amfanin gona ya nuna. Mazaunan suka ɗauki kansu leburorin gwamnati, kuma ba su yi kuskure ba. A 1966 gwamnati da bakinta ta amsa cewa shirin ya ci kuɗi bai haifar da abin kirki ba, ta dakatar da shi.

Nyerere kuwa ya ƙaunaci Litowa. Ya ziyarce ta, ya riƙa kafa misali da ita. Bayan Sanarwar Arusha ta watan Fabrairun 1967, wadda ta ɗora ƙasar a kan aƙidar Ujamaa, ƙauyukan Ruvuma ne abin da zai iya nunawa da yatsa ya ce ga abin da nake nufi. Kalmar ma ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe: daga Larabci Swahili ya aro tushenta, inda mu ma muka aro “jama'a”. A rubuce-rubucensa na 1968 ya fito fili ya nuna cewa irin wannan ƙauye ba ya kafuwa da tilas, sai da yardar masu zama a cikinsa.

To, amma son da shugaba ke yi musu bai sa na ƙasa da shi sun so su ba. Kwamishinan lardi da jami'an jam'iyya suna ganin wasu manoma da ke da injin niƙa, da makaranta, da abokai a ƙasashen waje, da hanyar ganin shugaban ƙasa ba tare da sun bi ta ofishinsu ba. Manoman da za a ce musu ku noma kaza su ce bari mu je mu yi shawara. A watan Satumba na 1969 kwamitin ƙoli na TANU ya zauna, mutum 21 cikin 24 suka goyi bayan a rushe RDA, jam'iyya ta karɓi ragamar duk ƙauyukan Ujamaa. Nyerere bai hana ba. Aka ƙwace injin niƙa da na katako da motoci da kayan aiki, aka mayar da makarantar hannun hukuma, aka watsa malamanta, iyalin Ibbott suka bar ƙasar. Aikin shekara tara ya tafi a zama ɗaya. Cikin ƙauyukan nan 17, Matetereka ne kaɗai ya ci gaba da tsarin haɗin gwiwarsa na tsawon lokaci.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A watan Nuwamba na 1973 Nyerere ya ce zama a ƙauyukan da aka tsara ya zama umarni, kuma a gama kafin ƙarshen 1976. Aka kwashe miliyoyin mutane, waɗansu a motocin gwamnati, a wurare da dama aka ƙone ko aka rushe tsofaffin gidajensu don kada su koma. Aka jera su a bakin titi layi-layi, domin haka ya fi wa mai duba aiki sauƙin ƙirgawa, ko da kuwa wurin ba shi da ruwa ko ƙasarsa ba ta noma. Abin ya haɗu da fari, ƙasar ta shiga sayo hatsi daga waje a 1974 da 1975.

Kada a ce na yi son kai. Tara mutane wuri guda ya sauƙaƙa kai musu makaranta da asibiti da rijiya, kuma Tanzaniya ta yi zarra a yaƙi da jahilci a shekarun da suka biyo baya. Ita ma RDA tana da rauninta. Yawancin manoman lardin ba su shiga ba, sun gwammace gonarsu ta kansu. Kuɗin agaji daga waje ya taka rawa a ci gabanta. Mafi muni, duk kariyarta ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Sun tsara abinci, sun tsara ruwa, sun tsara karatun yara, amma ba su da wata katanga ta doka da za ta hana hukuma ɗauke musu kaya ranar da ubangidansu ya kau da kai. A ganina wannan ne ramin da masu kafa irin wannan al'umma suka fi yawan faɗawa, domin lokacin da ake ɗasawa da masu mulki ba wanda ke tuna takarda.

Mu dawo gida. A watan Oktoba na 2022 aka buɗe sabon garin Ngarannam a ƙaramar hukumar Mafa ta jihar Barno, wanda Boko Haram ta tarwatsa a 2015. Gwamnatin jihar da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka yi aikin, wata mai zanen gine-gine daga Legas, Tosin Oshinowo, ta zana shi: gidaje, makaranta, asibiti, kasuwa da ofishin 'yan sanda. Abin yabo ne cewa an zauna da mutanen garin kafin a zana, har aka sa wa gidajen zaure, abin da mai zane daga nesa zai iya mantawa, alhali magidanci a wannan yanki bai san inda zai sauki baƙonsa ba in babu shi. An yi abin da jami'an Tanzaniya na 1974 ba su yi ba.

Sai dai tambayar mutum irin gidan da yake so mataki ne na farko kawai. A garuruwan Barno da dama da aka mayar da jama'a, rami ne ya kewaye gari, gonar da ake iya zuwa lafiya ba ta wuce 'yar tazara ba, kuma kisan manoman shinkafa na Zabarmari a watan Nuwamba na 2020 ya nuna abin da ke iya samun wanda ya yi nisa. Garin da ba ya ciyar da kansa sansani ne, ko da an yi masa fenti. Sannan in injin rijiyar burtsatse ya lalace bayan masu agaji sun naɗe tabarmarsu, wa ke da alhakin gyara, da kuɗin wa, kuma a gaban wa za a karanta lissafin? Ga kuma batun ƙasa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Gwamnan da ya gina gari zai sauka wata rana, wani ya hau.

Don haka kirana ga gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin da ke wannan aiki, da attajiran da ke gina wa marayu da 'yan gudun hijira unguwanni: ranar da za a miƙa wa mutum makullin gida, a haɗa masa da takardar gidan da ta gonarsa, da sunansa a jiki, har da matan da mazansu suka rasu. Rijiya da injin niƙa da rumfunan kasuwa kuma a rubuta su da sunan ƙungiyar mazauna garin mai rajista, wadda su da kansu suka zaɓi shugabanninta.