Bakin Kibiya Iri Biyu: Zaɓin Maharban Barewa a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin maharba masu farautar barewa da baka, har yau kuwa ba ta ƙare ba. Muhawarar ta ɗan ƙarfen nan ce da a ke ɗaura wa kibiya a gaba, watau bakinta. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda asakensa a kafe su ke, ba su motsi, yadda ya bar baka haka zai shiga jikin dabba. A wannan takarda za a kira shi kafaffen baki. Akwai kuma wanda asakensa ke naɗe a jikinsa sa'ad da kibiya ke tafiya, sai ta taɓa fata su buɗe. Shi kuwa za a kira shi baki mai buɗewa. Wanda bai san sha'anin ba zai zaci gardamar 'yan kasuwa ce kurum. Amma zaɓin nan yana da hannu wajen ko barewar da aka harba ta faɗi nan kusa a ɗauke ta, ko kuwa ta shige kurmi da rauni ta mutu a banza, ta zama rabon ungulu.

Yadda kibiyar ke kisa

Mai karatu zai fi gane maganar in ya tuna da kibiyar maharban ƙasar Hausa. Ita da kyauro a ke yin ta, ba ta da nauyi, ba a sa mata gashi a gindi. Bakinta siririn ƙarfe ne mai kunnuwa, an shafe shi da dafi, yawanci na kwankwani. Aikin ƙarfen shi ne ya kai dafin cikin jini, kunnuwan su hana kibiya zarewa, sa'an nan dafin ya tsayar da zuciya. Saboda haka ko a cinya aka sami dabba, tana iya faɗuwa.

A Amurka doka ta hana dafi a kusan dukan jihohi, waɗansu kuma, kamar Niyok, sun hana baki mai kunnuwa. Abin da ya rage wa kibiya shi ne ta yanke jijiyoyi, jini ya zuba har dabba ta faɗi. Dabbar da aka fi farauta ita ce barewa mai farar wutsiya. Ta bambanta da barewar ƙasar Hausa: ta fi ta girma ƙwarai, ƙahon namijin yana da rassa, kowace shekara kuma ya kan zubar da shi ya tsiro sabo. Inda maharbi ke auna shi ne bayan kafaɗa, mazaunin huhu da zuciya, wurin da bai fi faifai faɗi ba. In kibiya ta ratsa huhu biyu, barewa ba ta cika wuce yadi 100 ba za ta faɗi. To, amma yadi 100 cikin kurmi, da magariba ta gabato, ya isa ta ɓace wa ido. Ba abin da zai kai maharbi gare ta sai ɗigon jini a kan ganye.

Akwai wani abu kuma. Maharba da yawa bisa itace su ke fako, a kan wani ɗan dandamali mai tsawon ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa. Kibiyar da aka harba daga sama ta kan shiga ta wajen gadon baya. In ba ta ɓullo ta ƙasa ba, sai jinin ya taru cikin ƙirji, kaɗan ne zai ɗiga waje, barewa ta mutu amma a rasa sawunta. Ashe dai abu biyu a ke nema ga bakin kibiya: ya yi yanka mai faɗi, ya kuma shiga da zurfi har ya fita ta ɗaya gefen. Ƙarfin da baka ya ba kibiya kuwa ƙayyadadde ne. Abin da aka kashe wajen faɗi, an rage shi ke nan daga zurfi. Dukan muhawarar daga nan ta taso.

Asalin iri biyun

Farautar baka ta zamani a Amurka tana komawa ga wani likita mai suna Saxton Pope, wanda ya koyi dabarun farauta wurin Ishi, wani ɗan asalin ƙasar da ya fito daga dajin Kalifoniya a 1911. Pope ya buga littafinsa na farautar baka a 1923. A 1934 jihar Wiskonsin ta ware wa masu baka lokacin farautar barewa nasu na kansu, daga baya sauran jihohi suka bi sawu. A 1956 Fred Bear ya fito da wani baki mai suna Razorhead, wanda ya yi suna ƙwarai. Kayan da maharba ke amfani da su a wancan zamani kafaffen baki ne, bakunansu kuwa ba su cika tura kibiya fiye da ƙafa 200 a daƙiƙa ba.

A 1969 wani mutumin jihar Mizuri, Holless Wilbur Allen, ya sami takardar mallakar wani sabon baka mai 'yan gargare biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, tsirkiya tana zagaye su. Bakunan da suka biyo bayansa suna tura kibiyar farauta ƙafa 250 zuwa 300 a daƙiƙa. Da gudu ya ƙaru sai wata matsala ta fito fili. Asaken kafaffen baki kamar fikafikai su ke a goshin kibiya. In kibiya ta bar tsirkiya da ɗan karkata, sai iska ta kama su, su yi ta ja-in-ja da gashin da ke gindi, kibiya ta kauce. Maharbi ya yini yana samun bara da tsinin gwaji wanda ba shi da aska, da ya ɗaura bakin farauta sai ya ga kibiya ta sauka wani wuri dabam. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake: maƙera suka nemi hanyar ɓoye asake har sai kibiya ta isa. Baki mai buɗewa ya yaɗu cikin shekarun 1990, ya ƙara karɓuwa bayan fitowar samfurin Rage a 2006.

Kafaffen baki

Wannan ya kan zo da aska 2, ko 3, ko 4, faɗin yankansa kuma daga inci 1 zuwa inci 1 da kwata ne yawanci. Amurkawa suna auna nauyinsa da wani ƙaramin ma'auni da su ke kira giren. Wanda aka fi saye shi ne mai giren 100, watau kusan giram 6 da rabi. Alherinsa a bayyane ya ke. Ba shi da wata gaɓa da za ta ƙi aiki. Waɗansu da ƙarfe guda a ke ƙera su, kaifinsu ya faro tun daga tsini, suna fara yanka da zarar sun taɓa fata. Da ya ke ƙofar da ya ke buɗewa ba ta da faɗi sosai, ba ya cin ƙarfin kibiya da yawa, saboda haka ya fi zurfin shiga, ya fi kuma jure karo da ƙashi. In ya dakushe a wasa shi a mayar.

Wahalarsa ita ce sai an daidaita baka sosai. Maharba su kan harba kibiya ta cikin takardar da aka ɗaure a miƙe, su duba yagar da ta yi. In yagar ta karkata, sun san kibiya ba ta fita sosai ba, sai su yi ta gyaran mazauninta da tsirkiya har ƙofar ta fito daidai. Wanda ba shi da haƙurin wannan aiki, kafaffen baki zai tona masa asiri, musamman a harbin nesa ko ranar iska.

Baki mai buɗewa

Shi kuma kashi biyu ne. A na farko asake suna kwance suna duban gaba. In kibiya ta bugi fata sai bakinsu ya kama, su juya baya su buɗe. A na biyu asake suna zamewa baya su baje tun kafin su shiga, saboda haka ƙofar shiga ta kan fi faɗi. Wani ɗan zoben roba ko maƙalli ne ke riƙe su a rufe. A cikin iska siriri ne, yana tafiya kusan yadda tsinin gwaji ke tafiya. Da ya buɗe kuwa ya kan yanka inci 1 da rabi zuwa inci 2, wani ma ya wuce. Rauni mai faɗi haka yana yanke jijiyoyi da yawa, jini ya zuba sosai, bin sawu ya yi sauƙi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Buɗe asake yana cin ƙarfi, tura aska mai faɗin inci 2 cikin nama ya fi cin ƙarfi ma. In baka ba shi da ƙarfi, kibiya ta kan tsaya a ciki, a rasa ƙofar fita. Asaken sirara ne, a kan ƙusa su ke juyawa, suna iya lanƙwasa ko karyewa in sun gamu da allon kafaɗa. Zoben da ya tsufa yana iya saki tun a hanya, asake su buɗe, kibiya ta kauce. In kuma barewa ta tsaya a karkace ƙwarai, aska ɗaya tana iya riga 'yar'uwarta taɓa fata, ta goce da kibiyar, abin da ya fi samun kashi na farko.

Abin da bincike ya nuna

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu son kafaffen baki suna dogara da aikin Dakta Ed Ashby, wanda ya fara gwaji a lardin Natal na Afirka ta Kudu cikin shekarun 1980. Ya nuna cewa dogon baki mai aska 2, a kan kibiya mai nauyi, shi ya fi ratsa babban ƙashi, kuma nauyin da ya kamata kibiya ta kai domin wannan aiki wajen giren 650 ne, watau giram 42. Sai dai da yawa daga dabbobin da ya gwada sun fi barewa girma da kaurin ƙashi.

Masu son mai buɗewa kuwa suna kawo lissafin da aka tara a filin sojan ruwa na Indian Head a jihar Meriland, daga 1989 zuwa 2012, inda aka rubuta sakamakon bareyi fiye da 1,000 da kibiya ta sama. An tarar masu kafaffen baki sun gano kashi 82 cikin 100 na bareyin da suka harba, masu baki mai buɗewa kuwa kashi 91. Wannan lissafi yana da nauyi, amma ya kamata a karanta shi da lura. Ba a yarda da mai buɗewa a filin ba sai daga 2007, lokacin da bakuna suka riga suka inganta. Har wa yau maharban sai da suka ci jarrabawar harbi kafin a bar su, harbinsu kuma na kusa ne yawanci. Abin da lissafin ya tabbatar shi ne, a hannun gwani mai baka na zamani, a kan dabba mai girman barewa, baki mai buɗewa abin dogara ne.

Hukuma ma ta sassauta. Jihar Aidaho, wadda ta daɗe da hana shi, ta halatta shi a 2022. Jihohi da yawa kuma sun ƙayyade cewa kowane irin baki kada faɗinsa ya gaza 7/8 na inci.

Yadda a ke zaɓi

In an sami huhu biyu sosai, kowane iri zai kashe barewa cikin ɗan lokaci. Bambancinsu ya kan fito ne ranar kuskure, kuskuren kuwa iri biyu ne. In kibiya ta yi gaba ta bugi kafaɗa, kafaffen baki ne mai begen ratsawa ya isa huhu. In ta yi baya ta faɗa hanta ko tumbi, inda babu babban ƙashi, faɗin yankan mai buɗewa ne zai gaggauta mutuwa, ya kuma bar jinin da za a bi.

Saboda haka masana su kan ba da shawara a fara da duba ƙarfin baka. Ana auna shi da laba, watau nauyin da hannu ke ja kafin tsirkiya ta iso kunci. Mai baka na gargajiya, da yaro, da duk wanda ke jan ƙasa da laba 50, ko mai gajeren hannu wanda ba ya jan tsirkiya da nisa, kafaffen baki ya fi dacewa da su, domin ba su da rarar ƙarfin da za su kashe wajen faɗi. Mai jan laba 60 zuwa 70 da baka mai gargare, da kibiya mai madaidaicin nauyi, yana da rarar da zai yi amfani da mai buɗewa, muddin zai jira barewa ta ba shi gefe, ya kuma guje wa kafaɗa. Wanda zai tunkari dabbar da ta fi barewa girma, gara ya koma ga kafaffe da kibiya mai nauyi.

Akwai kuma abin da ya hau kan kowa, ko wane iri ya zaɓa. Baki mai buɗewa yana rufe aibin bakan da ba a daidaita ba, amma ba ya gyara shi, gama kibiyar da ta isa a karkace ƙarfinta ya kan watse, ba ta shiga da zurfi. Askar da ba ta da kaifi kuma ta kan ture jijiya gefe maimakon ta yanke ta. Don haka maharbin kirki ya kan daidaita bakansa tun kafin lokacin farauta, ya gwada ainihin bakin da zai ɗauka, ya duba kaifinsa da zobensa, ya kuma san iyakar nisan da hannunsa ke samun bara, in barewa ta wuce nan ya bar ta ta tafi.