Majigi, Silima da Kasuwar Dare a Kakuri

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan ɗauka cewa kallon silima aikin 'yan birni ne, ba ruwan mai fartanya da shi. Amma labarin Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, ya nuna ba haka abin yake ba.

Tun kafin manomi ya san gidan silima, ya san majigi. Motar gwamnati ce takan zo ƙauye da injinta, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan faɗuwar rana a nuna hoto kyauta. Wani ma'aikaci yana tsaye yana bayani da Hausa. Cikin abin da aka nuna akwai Baban Larai, wanda aka shirya a shekarun 1950 don koya wa mutane noman auduga. Watau majigi ya zo ne da saƙo: ku noma auduga, akwai mai saye.

Mai sayen kuwa yana Kakuri. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL. Bayanta Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo a shekarun 1960. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan. Dubban ma'aikata suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Zariya ta kudu, da Filato, da Binuwai.

To, ma'aikacin da ya tashi daga aiki da albashi a aljihu, ina zai nufa? Wani ya tafi gida, wani kuma silima, ya kalli na Indiya ko na kaboyi ko na faɗan 'yan Sin. Yawancin gidajen siliman Arewa ba su da rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake farawa. Nan ne abin ya shafe mu. Bakin ƙofa kasuwa ce sosai: ga mai tsire, ga mai shayi da ƙwai, ga yarinya da dafaffiyar gyaɗa, ga mai rake, ga mai gasa masara. Can gefe mai gyaran keke yana faci da 'yar fitilarsa. Kayan cin nan duk daga ina suke fitowa? Daga gonakinku na Kujama da Kasuwan Magani da sauran ƙauyukan hanyar Kachia. Mai kallo ya biya kuɗin shiga sau ɗaya, amma cikinsa ya biya manomi sau biyu ko uku kafin ya koma gida.

Kaset ɗin bidiyo ya fara janye mutane zuwa ɗakunansu, musamman da finafinan Hausa suka bazu daga Kano bayan 1990. Sa'an nan babbar masifa ta zo. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya suka karya masaƙu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Mai auduga ya rasa mai saye, mai ƙwai ma haka, ko da yake shi ba wanda ya rubuta labarinsa a jarida.

Duk da haka taron dare bai mutu ba, wuri kawai ya sake. Yanzu yana gidajen kallon ƙwallo, rumfar kwano da benci da janareto, inda samari ke cika don wasannin Ingila. Mai shayi ya bi su can.

A ganinmu ƙungiyar gama kai da ke kai kayanta Kasuwar Monday ta miƙa wa dillali kawai, tana barin riba a ƙasa. Ku aiki mutum biyu su zaga da yamma, su san masu shayi da masu tuya da ke bakin waɗannan rumfuna, su ji kiret nawa na ƙwai kowa ke sayarwa a mako. A yanke farashi tun kafin a ɗauko kaya, kada bashi ya wuce mako guda. Ku lura kuma, wasannin Ingila sukan fara a watan Agusta, lokacin da ɗanyar masara ke nan da yawa, kuma Asabar da Lahadi aka fi bugawa. Don haka kaya su iso Kakuri ranar Juma'a da yamma, ko Asabar da sassafe.