Kububuwa: ƙaramar macijiya mai mugun dafi

Mutane da yawa sun fi tsoron gamsheƙa da kasa. Amma a yankunan Sahel da savana na Afirka ta Yamma, kububuwa ce ta fi kashe mutane.

Tsawonta bai cika wuce santimita 60 ba, kuma launinta ya saje da ƙasa. Da rana takan ɓuya a ƙarƙashin duwatsu ko tarin kara, da dare ta fito farautar ɓeraye, ƙadangaru da kunamu. Idan ta ji barazana sai ta naɗe jiki, tana goga ɓawon fatarta har a ji ƙara kamar ruwa a kan garwashi.

Tana da 'yar'uwa a Indiya da Sirilanka. Ta can haihuwa take yi, tamu kuwa ƙwai take sakawa.

Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Tsaga wurin saran ko ɗaure shi da igiya ɓarna ce. A garzaya asibiti domin allurar kashe dafi. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.