Kwabo Mai Huda Da Kuskuren Gidan Buga Kuɗi

A gidajen zangunanmu da yawa, daga Nima zuwa Kumasi har Tamale, ba a rasa wani tsohon gwangwani a ƙasan adaka wanda kuɗin zamanin Turawa suke kwance a ciki: sule, sisi, taro, da kwabon nan mai huda a tsakiya wanda iyayenmu mata kan zura a zare. Tun da Ghana ta fito da nata kuɗin a 1958 aka fara janye su, sa'an nan sidi ya zo a 1965. Yau yara ne ke wasa da su, ko kuwa a haɗa da tarkace a ba masu sayen tsohon ƙarfe. To, kafin a bayar, a zauna a duba, domin a cikin irin waɗannan kwabbai akwai 'yan kaɗan da aka yi kuskure wajen buga su, kuma su ne masu tara tsofaffin kuɗi suke nema ruwa a jallo.

Yadda ake buga kwabo shi ne, a yanko faifan ƙarfe, a sa shi tsakanin hatimi biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya, inji ya danne. Saboda haka kuskure kan fito ne daga faifan, ko daga hatimin, ko daga bugun kansa.

Namu kwabon ba ya ɗauke da hoton sarki. Gefe ɗaya akwai kambi da sunan mai mulkin Ingila da kuma rubutun Larabci, ɗaya gefen kuwa tauraro mai tsini shida da shekara. A nan dabarar take: a karanta sunan, a juya a dubi shekarar, a ga ko sun dace. Sarki Joji na Shida ya rasu a 1952, amma akwai kwabbai na 1956 da suka fito da sunansa, alhali kuwa Sarauniya Elizabeth ke kan gado. Tsohon hatimi ne aka ɗauko aka haɗa da sabo. Haka kuma akwai na 1945 mai sunan Edward na Takwas, mutumin da ya yi murabus tun Disamba 1936. Akwai ma na 1936 wanda gefe ɗaya namu ne, ɗayan na Afirka ta Gabas. Duka ukun suna da ɗan ƙaramin harafin H, watau alamar gidan buga kuɗi na Heaton a Birmingham. Turawa masu wannan sha'awa suna kiran irin wannan kwabo alfadari, kuma sunan ya dace, tunda uwa daban uba daban.

Sai dai a yi hattara da Edward ɗin nan. Da yake a Ingila kanta kuɗi masu sunansa ba su shiga hannun jama'a ba, wasu kan ɗauka duk kwabon da ke da sunansa dukiya ce. Ba haka ba ne. Na 1936 an buga su da yawan gaske don ƙasashenmu, ba kuskure ba ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Haka nan jan kwabo da fari: fari na dā ne, ja kuwa daga 1952 aka koma yin sa da tagulla.

Inda wannan sha'awa ta fi ƙarfi ita ce Amurka, kuma muna kawo zancenta ne domin 'yan'uwanmu da ke can, da masu dawowa da canji a aljihu. Kwabonsu, mai hoton Shugaba Lincoln, an daina buga shi don kasuwa a Nuwamba 2025, amma yana nan birjik a hannun mutane. A 1955, a gidan buga kuɗi na Philadelphia, an yi aiki da wani hatimi wanda zanensa ya hau sau biyu, sai shekara da rubutun suka fito biyu-biyu, ido ma yana gani ba sai da gilashi ba. Wajen dubu 20 suka fita. An sake samun irin wannan a 1972 da 1995.

Wanda ya fi suna shi ne na 1943. A shekarar, saboda yaƙin duniya na biyu ana bukatar tagulla, sai aka buga kwabo da baƙin ƙarfe aka shafe shi da tutiya. Amma 'yan faya-fayen tagulla da suka rage daga 1942 sun shiga inji, aka buge su da sabuwar shekara. Ɗaya daga cikinsu, bugun Denver, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Ina ruwan 'yan damfara, sai suka shiga shafa wa na ƙarfe ruwan tagulla, wasu kuma su goge gefen 8 na 1948 ya koma 3. Gwajin farko ba wuya: a kawo maganaɗisu, in ya kama, ƙarfe ne. Sa'an nan a kai wa maƙerin zinariya ya ɗora a sikeli. Na tagulla giram 3.11 ne, na ƙarfe kuwa 2.7.

Abin da ya fi ruɗar sabon shiga shi ne rarrabe kuskure da rauni. Kwabon da mota ta taka, ko aka daka da guduma, ko ƙasa ta ci, rauni ne, ba mai ba da ko anini a kansa. Kuskure na gaskiya yakan zo da tsabta. In bugu ya kauce daga tsakiya, za a ga wani gefe fili sumul kamar jinjirin wata. In hatimi ya tsage, layin kan fito a tashe bisa kwabon, karce kuwa ciki yake shiga. In hudar tsakiya ta karkace, a dubi bakinta, na inji a daidaice yake, na ƙusa kuwa yakan ture ƙarfe waje. Rubutu biyu-biyu ma iri biyu ne: na hatimi kowane harafi da kumburinsa, wanda kuwa inji ya girgiza wajen bugu yakan fito a shafe kamar matakala, kuma shi masu saye ba su damu da shi ba.

Muna roƙon iyayenmu mata musamman, kada a sa toka ko lemon tsami ko yashi a ce za a wanke kwabo ya yi ƙyalli. Tsufan nan da ke jikinsa shi masu saye ke so, kwabon da aka goge kuwa darajarsa ta zube. A riƙe shi ta gefe, a duba da rana kusa da taga da gilashin masu gyaran agogo, a naɗe kowanne a takardarsa, a rubuta shekara da suna a kai. In wani ya zo yana gaggawar saye gwangwani ɗungum, a ce masa ya dawo gobe, a fara ware na 1936 da 1945 da 1956 tukuna.